Randar Laraba

A shekarar 1984 na je Gungun Baraka da rikoda da littafi. Ina ɗalibin jami'a a lokacin, an tura ni tattara bayanin sana'o'in gargajiya na fadamar Rima. Aka ce in nemi wata tsohuwa mai suna Sabuwa, wadda ta taɓa zama maginiyar tukwanen garin. Na same ta a bakin ɗakinta tana ɗinkin faifai. Babu ko ɗigon yumɓu a gidan. Ruwan shanta ma a bokitin ƙarfe yake.

Na gaishe ta, na ce daga Wurno nake, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dube ni, ta dubi rikodar.

"Kai ɗan wane gida na a Wurno?"

"Jikan Malam Abdulƙadiri ne ni, Inna. Wanda ya yi tafinta."

Ta soke basillar a jikin faifan.

"To. Zamna. Amma kashe abin ga naka. Kakanka ya taɓa ɗaukar maganata ya kai inda shika so. Ba a yi min haka sau biyu."

Na kashe. Abin da zan rubuta daga bakinta na ji mafi yawansa. Sauran na ji daga kakana, wanda bai musanta ko ɗaya ba, sai kuma wani ɗan rahoto da na gani daga baya. Na daɗe ban rubuta ba. Bara muka binne 'yata Khadijatu, na tsaya ina kallo aka jera abin rufi a kanta kafin a tura ƙasa. Tun ranar labarin Sabuwa ya ƙi barina.

Gungun Baraka ƙaramin gari ne a tsakiyar fadama, tsakanin Wurno da Goronyo. Kafin a gina madatsar ruwa, duk damina gulbi yakan kewaye shi, ya zama tsibiri wata uku, ba shiga ba fita sai da jirgi. Gidaje a ɗan tudu suke, amma wurin da ruwa bai taɓa hawa ba shi ne wani babban tudu a gabashin gari, kufan mutanen da ba wanda ya san sunansu. A nan suke binne matattunsu, domin ko'ina aka haƙa ban da nan ruwa ake tararwa. Itace kuwa babu. Tsamiya ɗaya ce a tsibirin duka. Saboda haka da randa suke rufe ƙaramin ramin kabari: a tsaga ta gida biyu daga baki zuwa gindi, a kife rabi bayan rabi a kan mamaci, sannan a tura ƙasa. Babba yakan ci randa uku. Yaro ƙarami, ɗaya ta ishe shi.

Wannan ya sa maginiya ba ƙaramar mutum ba ce a garin. Sabuwa ta gaji aikin daga uwarta, ta kuma gaji abin da gidansu ke kira uwa: wata tsohuwar randa baƙa, mai kaurin yatsa biyu, wadda ake gina sauran a bayanta. Sai a kife ta, a barbaɗa mata toka, a shimfiɗa yumɓu a kai ana bubbugawa har ya bi jikinta. In ya sha iska a ɗage shi, a juya, a ɗora masa kafaɗa da wuya. Da karan dawa da busasshen kashin shanu ake gashi, shi ya sa sai da rani ake yi. Ana cewa kakar kakarta ce ta shigo tsibirin da uwar nan a ka. Duk randar da aka sha ruwa a cikinta a garin, da duk wadda aka kife a kan mamaci, daga bayanta ta fito.

Mijin Sabuwa, Ƙasimu, shi ke tuƙa jirgin mai gari. Sun haifi maza biyu, ba wanda ya kai suna. Ta uku, Laraba, ta tsaya. Wata rana tana 'yar shekara uku ta dami uwarta da kuka ana tsakiyar aiki. Don ta yi shiru, Sabuwa ta kwance jigidar ƙugun yarinyar, ta mirgina ta a kafaɗar wata ɗanyar randa. Duwatsun suka bar ƙananan ramuka a jere. Akwai dutse ɗaya babba mai ɓantalallen gefe, shi kuma ya riƙa barin wata alama kamar ƙugiya a kowane kamu. Yarinyar ta yi dariya. Sabuwa ba ta sayar da randar ba, ta bar ta ta ruwan shansu. Shekara guda ana shan ruwa a cikinta, hayaƙin murhu ya baƙanta ta.

Da bazarar 1951 cutar agana ta shiga garin. Cikin mako biyar yara goma sha ɗaya suka rasu. Mai gari Maccido ya tara magidanta ya ce kada labari ya ƙetare gulbi. Sun ji an ce a wani gari da cutar ta ɓulla an ƙone ɗakunan marasa lafiya, an rufe kasuwa, an kuma tuɓe mai garin. Wanne daga cikin ukun nan ya fi damun Maccido, ban sani ba, ina dai da zato. Ya sa aka baje sababbin kaburburan suka yi daidai da ƙasa, aka watsa musu taki, don kada wani baƙo ya hau ya ƙirga.

Randunan da Sabuwa ta gasa don kasuwa guda goma ne. Ta ba da su ɗaya bayan ɗaya, ba ta karɓi kome ba. Laraba ce ta goma sha ɗaya. Babu sauran babbar randa a gidan sai ta ruwan sha. Sabuwa ta juye ruwan, Ƙasimu ya tsaga ta da gatari, ya ɗauka ya bi maza. Jigidar kuwa ta ƙulle ta a haɓar zanenta.

Wata biyu da rabi bayan haka, ruwa ya riga ya kewaye gari, wani Bature ya iso. Ba joji ba ne, ba likita ba. Malamin makaranta ne da aka ba hutu da guzuri ya zaga ya rubuta tsofaffin gine-gine da sana'o'in hannu. Ya auna ragowar ganuwa a Wurno, ya leƙa tsofaffin rijiyoyi, ya zana masaƙa da marina a wajen Rabah, sannan ya ce yana so ya ga garuruwan cikin ruwa. Ko'ina ya je da igiyar awo a hannunsa, sai aka sa masa Mai Awo. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Kakana ne bakinsa da kunnensa, yana ɗan shekara ashirin da shida, wata bakwai da samun aiki.

Kafin jirgi ya taɓa gaɓa Maccido da dattawansa sun gama shawarar yadda za a hana baƙon hawa tudu. Tunaninsu shi ne Bature mutum ne mai son sabon abu. Mai agogo da takalmin fata, me zai yi da juji? Saboda haka da Mai Awo ya zauna ana ba shi shayi, ya nuna tudun ya tambaya, Maccido ya yi dariyar da ya tanada.

"Ranka shi daɗe, babu kome can. Kufai na. Sai tsohin tukwane na mutanen da, hwasassu, ko da rana ba a zuwa."

Kakana ya fassara. Ya ce mini Baturen bai ƙarasa shayin ba.

Suka hau da maza huɗu masu fartanya. Maccido ya yi ta jan su yamma, inda babu kowa a ƙasa. Mai Awo ya bi shi da ladabi, ya auna, ya rubuta, sannan ya zaga gabas shi kaɗai. Ruwan sama na makon ya zaizaye gefen nan. Bayan wata baƙar randa ya fito kamar faɗin tafin hannu, da ƙananan ramuka a jere, da alamar ƙugiya. Ya durƙusa, ya share da yatsa, ya kira mutane.

Kowa a wurin ya san ta wace ce. Maccido ya ɗaga kai yana duban sama kamar mai neman hadari. Da aka ce a haƙa, Ƙasimu ya ture na gabansa ya shiga da kansa, don kada fartanyar wani ta sauka a wurin. Ya ajiye fartanyar ya yi da hannu. Ya ɗago rabi ɗaya, ya miƙa. Ya ɗago na biyu, ya miƙa. Yana miƙawa yana tura yashi da ƙafa cikin ramin, ya juya wa Baturen baya.

Wari ya taso. Kakana ya ce shi da idonsa ya ga gefen farin ƙyalle kafin yashi ya rufe shi, kuma Mai Awo na tsaye kusa da shi, ya fi shi tsawo. Baturen ya fito da hankici ya toshe hanci. Ya dubi ramin na ɗan lokaci, ya dubi randar da ke hannunsa. Sai ya ce ƙasar da ke ƙasa a hargitse take, babu amfanin a zurfafa. Ya sa aka tura yashi kaɗan, ya kafa turke mai lamba, wai ko zai dawo da rani. Ya sauka bakin gulbi ya wanke rabin biyu da kansa, a hankali, ya rubuta musu lamba arba'in da bakwai da farin fenti.

Na tambayi kakana, "Malam, ya sani?"

Ya ce, "Mutum ba ya toshe hanci don tukunya."

Ƙasimu bai faɗa wa matarsa ba. Ya koma gida ya ce kansa ke ciwo, ya kwanta. Da safe aka aiko kowane mai sana'a ya fito ƙofar gidan mai gari ya nuna aikinsa. Masaƙi ya zo, mai saƙar komar kamun kifi ya zo, mai rini ya zo da hannuwa shuɗaye. Sabuwa ta ɗauko uwa a ka, da ɗan ragowar yumɓun da take ajiye a jiƙe. Tana shigowa fili ta ga rabin randar biyu jingine da bango suna shan rana.

Ta ce mini ba ta yi kuka ba. Ta sauke uwar, ta dubi mazan garin da ke zaune a layi, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Maccido ya matso kamar mai gyara mata wuri, ya ce a hankali, "Sabuwa, ki yi aikinki ki tahi. Garin ga duka na wuyanki."

Ta kife uwar, ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa yumɓu ta bubbuga. Mai Awo ya zana hannunta. Da ta ɗage abin da ta gina, ya sa aka kawo rabin randar aka ajiye kusa da shi. Ya daɗe yana duban wannan yana duban wancan. Sai ya ɗora ƙafa a kan uwar, ya ɗora littafinsa a gwiwa, ya yi magana mai tsawo. Kakana ya fassara wa jama'a da murya mai kyau. Bature ya ce aikin matar nan ba laifi. Amma a dubi na mutanen da, a dubi sirantakarsa, a dubi wannan ado. Wannan randa ta yi shekara ɗari uku a ƙasa, in ba ta fi ba. Abin baƙin ciki ne yadda sana'a ke lalacewa a hannun jikoki. Yana tambaya, ko za ta iya yin irin adon nan?

Wani dattijo ya ce, "Ina! Na da ai sai na da."

Wani ya ce, "Gaskiya na, ranka shi daɗe."

Mutumin da ya faɗi haka ɗansa na kwance taki shida daga Laraba, ƙarƙashin randar Sabuwa.

Sabuwa ta miƙe. Ba ta dubi Baturen ba, kakana ta duba.

"Malam, hwaɗa mai. Randar ga tawa ta. Ni nig gina ta, bara. Ɗiyata na ƙarƙashinta. Shi ba ni abina in maida."

Hannunta na kan ƙullin haɓar zanenta. Da ta kwance shi ta mirgina jigidar a ɗanyen yumɓun da ke gabanta, da magana ta ƙare a nan, ko da tafinta ko babu. Ta jira ta ji abin da kakana zai yi.

Kakana ya dubi Maccido. Ya dubi Baturen, wanda ya karkato kai yana murmushi. Ya ce masa da Turanci: matar na cewa kakanninta ne suka gina irin wannan, tana roƙon a bar ta ta taɓa.

Mai Awo ya ji daɗi ƙwarai. Ya ɗauki rabin da hannu biyu ya ɗora mata a hannu, ya ce ta duba da kyau ta koya, kada ta ji kunya. Kakana ya fassara wannan ma.

Ta gane nan take cewa ba maganarta aka kai ba. Ta riƙe randar a ƙirji. Ta dubi layin mazan, ta dubi matan da ke leƙe ta dangar gidan mai gari, uwayen sauran yaran goma. Na tambaye ta me ya hana ta kwance ƙullin. Ta ce ta tuna ɗakunan da aka ce ana ƙonewa, kuma damina ce, babu ciyawar sabon jinka.

"Su nit tausaya ma," ta ce. "Ka ji wautata."

Sai da Maccido ya ɓanɓare yatsunta ɗaya ɗaya, yana wa baƙo dariya, kafin ta saki.

Kakana ya tambayi Baturen ko a rubuta baƙar randar da ƙafarsa ke kai. Ya duba, ya ce a'a, wannan kayan aiki ne kawai.

Bayan azahar aka naɗe rabin biyu cikin tabarma da ciyawa aka sa a jirgi. Ƙasimu ne ya tuƙa. Babu wani mai jirgi a garin.

Jirgin bai gama ɓacewa ba wani makiyayi mai suna Bube ya yi sallama a ƙofar Sabuwa. Ba ɗan garin ba ne, ruwa ne ya tare shi da shanunsa a tsibirin, kamar yadda yakan yi kowace shekara. Ya tsaya daga waje.

"Yaya Sabuwa, ba gulma na kawo ba. Ruwa ya ci makiyaya ta ƙasa. Jibi dole in hau tudu da shanu, babu inda zan kai su. Sauran wuraren suna da rufi, shanu na takawa duk shekara ba a jin kome. Na yarinyarki yashi ne kaɗai, bai kai kamu biyu ba. Kofato ɗaya ya isa."

Ta ce ta ji.

Gashin sabuwar randa ba ya yiwuwa, ramin yumɓu na ƙarƙashin ruwa, kara da kashin shanu duk a jiƙe. Ƙyauren garin duka na kara ne, babu na katako da za a rufe kabari da shi. Jirgin da za a je Wurno ya tafi, sai bayan kwana huɗu. Saura randar aro. Ta yafa mayafi ta shiga gida gida.

Ta fara da Asabe, wadda 'ya'yanta biyu ke kan tudu, kowanne da randar Sabuwa.

"Haba Sabuwa, ɗaya tak gare mu. Mu sha ruwa a tahin hannu? Ki yi haƙuri. Wanda yat tahi ai ya tahi."

Lami tana da biyu. Ta ce ɗayar ta jiƙon gero ce, kuma maigida ba ya nan, ba ta iya ba da kayan gida ba da saninsa ba. Maigidan na cikin ɗaki, Sabuwa na jin tarinsa. A wani gidan aka ce ta bari sai rani, ai ita ce mai yi. A wani aka ce Allah ke tsare mamaci, ba tukunya ba. Wata tsohuwa ta ba ta ƙaramin tulu, wanda ko kan jariri ba zai rufe ba, ta kuma bi ta da addu'a har ƙofa don maƙwabta su ji.

A gidan Maccido randa bakwai ne a jere ƙarƙashin rumfa. Sabuwa ta san kowacce, har da wadda bakinta ya ɗan karkace. Uwargidan ta tare ta a tsakar gida.

"Mai gari ya hana. Yac ce kada a ga kowa na hawan tudu da tukunya sai ruwa ya janye. In Baturen ya waiwayo hwa? Ke dai kin kusa kashe mu yau da bakinki, ki gode Allah malamin nan na da hankali."

Gida goma sha tara ta shiga. Ta faɗa mini sunayensu a jere, bayan shekara talatin da uku, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Washegari da hantsi ta kankare busasshen yumɓun da ke jikin uwar, ta wanke inda takalmin Baturen ya taka, ta ɗora ta a ka. Ta ɗauki gatarin mijinta. Mata ba sa hawa tudun nan, ko ranar jana'iza daga bakin gari suke tsayawa. Ta bi ta tsakiyar gari, ta gaban masallaci, ta gaban ƙofar Maccido. Liman na zaune a tabarma, ya sunkuyar da kai cikin littafi. Ba wanda ya hana ta. Ba wanda ya tashi.

Bube ya hango ta ya bar shanunsa ya biyo ta. Ya karɓi gatarin. Ya tambaye ta sau biyu ko ta tabbata, ta ce ya sara. Uwar ta yi kauri, sai a sara na uku ta buɗe, ta rabu biyu daidai, ba ta ɓantale ba. Ya ce ta juya baya ya kwashe yashin. Ta ce a'a. Abin da ta gani ba ta faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba. Suka kife rabi bayan rabi, suka toshe tsakani da laka, suka tura ƙasa suka daddanna. Bube ya yi addu'a. Ta tuge turken mai lamba, ta sauka da shi ta jefa a gulbi.

Kashegari shanu suka hau, sun fi sittin. Ta zauna a gindin tudu tun safe har suka sauka da yamma, sannan ta hau ta duba. Akwai sawun kofato a kan wurin, uku ko huɗu. Ƙasar ba ta lotsa ba.

Ƙasimu ya dawo ranar da aka zata. Ya ga babu uwa a inda take zama, ya ga gatarinsa da laka. Bai tambaya ba. Sun zauna tare shekara goma sha ɗaya bayan haka har ya rasu, ba su sake haihuwa ba, kuma maganar ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Ta ce ba ta riƙe shi a zuciya ba. Shi kaɗai ne ya ajiye fartanya ya haƙa da hannu.

Da rani ya zo mata suka fara zuwa da ƙoƙon gero suna tambayar yaushe za a yi gashi. Ta ce babu. Mutane suka riƙa cewa don uwar ta tafi ne, sana'ar ta bi ta. Har ni ma haka aka faɗa mini kafin in shiga gidan. Da na maimaita mata ta yi tsaki.

"Ƙarya suka yi. Kowace randa mai kyau na zama uwa. Ko a bayan ta gidan Maccido sai in gina. Ban so na."

Asabe ta zo, Lami ta zo. Maccido ya aiko liman ya yi mata wa'azin haƙuri. Amsarta ɗaya ce: su tafi Wurno su saya. Haka suka yi. Daga shekarar, duk wanda aka yi wa rasuwa a Gungun Baraka da damina sai ya juye ruwan shan gidansa. Ita kuwa ta koma ɗinkin faifai, aikin da ta ce ko makaho na yi.

Ba a taɓa gano maganar aganar ba. Maccido ya yi shekara goma sha tara yana mulki bayan haka. Kakana ya yi gaba a aiki, ya gina gidan da aka haife ni a ciki, daga albashinsa aka sa ubana makaranta. Da na koma Wurno na faɗa masa inda na je, ya ba ni labarin daga nasa ɓangaren bai rage kome ba. A ƙarshe ya ce da ya fassara gaskiya da an ƙone gari. Na ce ya tabbata? Ya ce bai tabbata ba. Abin da ya tabbata da shi shi ne Baturen ba ya son ji, kuma tafintan da ke faɗa wa Bature abin da ba ya son ji ba ya daɗewa.

Rahoton na same shi bayan shekara biyu a wani ɗakin karatu, shafi ashirin da ɗaya, bugun tafireta. Gungun Baraka ta sami layi biyar. An yaba wa mai gari saboda haɗin kai. An ce a kan kufai an sami randa ɗaya, rabi biyu, mai adon da matan yanzu suka manta yadda ake yi. An ce ba a ga alamar kabari ba. A ƙasa akwai zanen adon da alƙalami, an yi shi da kyau, ramuka a jere da ƙugiya a kowane kamu. Ban nemi inda randar take ba.

Na riga na ga adon kafin in ga zanen. Ranar da na je wurinta, da ta gama magana, ta tsiyaya ruwa daga bokitin a ƙasa, ta murza wurin da tafin hannu ya yi laushi. Ta kwance haɓar zanenta. Jigidar ba ta fi zagayen wuyan hannuna biyu ba. Ta ba ni ta ce in mirgina. Na mirgina. Ta bar ni na duba, sannan ta share da diddige, ta karɓi abinta ta ƙulle.

"Ka gani. Tashi ka tahi, la'asar ta yi. Ka gaida kakanka. In ya tambaya, ka ce mai na sake ruhe ɗiyata, kuma randar ta riƙe."